Tarihin Sharaɗin Karatu ga 'Yan Wasan Jami'o'in Amurka

A Amurka, wasan jami'a babbar kasuwa ce: wasu jami'o'in na da filin ƙwallo mai ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari. Sharaɗin karatu shi ne ƙa'idojin da ke fayyace wanda ya cancanci sa rigar jami'a ya shiga fili, da irin makin da zai riƙe don kada a cire shi. Ƙungiyar da ke kula da wannan ita ce NCAA, wadda jami'o'in da kansu suka kafa, su ne kuma ke kaɗa ƙuri'ar dokokinta. Wato alƙali da mai laifi gida ɗaya suke, kuma nan ne tushen yawancin rigimar da ta biyo baya.

Matsalar ta girmi ƙungiyar. A ƙarshen ƙarni na 19 ana samun 'yan ci-rani masu yi wa wannan makaranta wasa bana, baɗi su koma wata, ba tare da sun taɓa leƙa aji ba. A 1895 shugabannin wasu jami'o'i suka taru a Chicago suka yarda cewa sai ɗalibi na gaskiya, wanda bai gaza a karatunsa ba, zai yi wasa. Taron ne ya haifi ƙawancen da ake kira Big Ten. Ita kuwa NCAA, mace-macen 'yan ƙwallon Amurka a 1905 ne suka jawo ta. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, aka kafa ƙungiyar a 1906, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1910. Shekara da shekaru sai dai ta yi nasiha, ba ta da ikon hukunci. Ko da ta yi yunƙurin korar jami'o'i bakwai a 1950 saboda karya dokar tallafin kuɗi ta 1948, ƙuri'a ba ta kai ba, dokar ce ma aka soke a 1951.

Haƙora sun fito mata a zamanin Walter Byers, wanda ya zama babban darakta a 1951. A 1956 aka halatta ba ɗan wasa tallafin karatu saboda wasansa, a 1965 kuma aka kawo ma'aunin farko na ƙasa baki ɗaya: sai an yi hasashen ɗalibi zai iya samun maki 1.6 bisa 4 a jami'a. An soke shi a 1973, aka ce makin 2.0 na sakandare ya isa, ko daga wane irin darasi aka samo shi. Ƙofa ta buɗe ke nan.

Abin da ya shigo ta ƙofar ya ba ƙasar kunya. Kevin Ross ya yi shekara huɗu yana ƙwallon kwando a Jami'ar Creighton, ya fita a 1982 bai iya karatu yadda ya kamata ba, har ya koma wata makarantar yara a Chicago, ƙaton mutum a tsakanin ƙanana, yana koyon haɗa baƙi. Dexter Manley, wanda ya yi shekara huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa a 1989 cewa ya bar ta bai iya karatu ba. A Jami'ar Georgia, malama Jan Kemp ta rasa aikinta bayan ta ƙi yarda da ɗaga wa 'yan wasa ƙafa, ta kai ƙara ta ci nasara a 1986.

Amsar NCAA ita ce Ƙuduri na 48, wanda aka zartar a 1983 ya fara aiki a 1986: maki 2.0 a muhimman darussa 11, da 700 a jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko 15 a ta ACT. Shugabannin jami'o'in baƙaƙen fata suka yi ca, suna cewa jarrabawar tana auna irin makarantar da yaro ya fito ne, ba hazaƙarsa ba, kuma lallai waɗanda dokar ta fi tsarewa baƙaƙen fata ne. Da aka ƙara tsanantawa a 1989 har aka hana wanda bai cika sharaɗi ba tallafin wasa, kocin Georgetown, John Thompson, ya fice daga fili kafin a fara wasa da Boston College, a gaban 'yan kallo. Masu goyon baya ma suna da hujja, domin yawan masu kammala digiri ya ƙaru daga baya. Sai dai ba wuya adadin ya tashi idan an tare masu rauni tun a bakin ƙofa.

Daga nan aka shiga gyare-gyare. Aka kawo ma'aunin da makin sakandare mai yawa zai iya rufe gibin jarrabawa, muhimman darussa suka kai 16 a 2008, makin da ake bukata don wasa a shekarar farko ya koma 2.3 a 2016, a 2023 kuma aka daina neman SAT da ACT kwata-kwata. Gyara mafi ma'ana shi ne na 2004, wanda ya ɗora nauyi a kan kulob ɗin jami'a maimakon ɗan wasa: ana lissafa 'yan wasan da suka ci gaba da karatu, kulob ɗin da makinsa ya gaza a hana shi gasar ƙarshen kaka. Haka ya faru da 'yan ƙwallon kwandon Jami'ar Connecticut a 2013.

Amma lissafi ba ya shiga aji. Binciken Kenneth Wainstein a 2014 ya gano cewa a Jami'ar North Carolina, tsakanin 1993 da 2011, ɗalibai kimanin 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki darussan da ba a zama ko sau ɗaya, sai dai a miƙa takarda a karɓi maki mai kyau. A 2017 NCAA ta ƙi hukunta jami'ar, bisa dalilin cewa darussan a buɗe suke ga kowane ɗalibi, kuma auna ingancin darasi hurumin jami'a ne, ba nata ba.

Yanzu kuɗi ya sha kan muhawarar. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Alston a 2021, an bar 'yan wasa su ci riba da sunansu da hotonsu, kuma wani sulhu da kotu ta amince da shi a 2025 ya ba jami'o'i damar biyan su kai tsaye. Sharaɗin karatu yana nan bai gushe ba: dole ɗan wasa ya zama cikakken ɗalibi, ya kuma kammala kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin shiga shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar.