Kafar Maɓalli a Tarihin Ɗinkin Ƙasar Kura

Idan muka dubi tufafin kakanninmu, za mu tarar ba safai ake ganin maɓalli a jikinsu ba. Babbar riga ta ka ake zura ta, wando zariya ke riƙe shi, zane kuwa ɗaura shi ake yi. Marina da mabugan Kura sun shahara wajen turkuɗi mai ƙyalli wanda fatake ke kai wa Abzinawa, shi ma naɗawa ake yi ko yafawa. Cinikin tufafin da Barth ya yaba da ya zo Kano a 1851 bai dogara ga maɓalli ba.

Maɓalli ya yaɗu ne bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, tare da kakin soja da na 'yan sanda, da kuma keken ɗinki, wanda jirgin ƙasa ya sauƙaƙa shigowarsa tun daga 1911. Da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Garun Malam da Bunkure, manomi ya sami kuɗin alkama da tumatir, shi ma ya shiga ɗinka kaftani mai maɓalli kamar ma'aikaci.

To, amma maɓallin ne baƙo, ɗinkin da ke tsare kafarsa ɗan gida ne. Maɗinkin riga mai aska takwas ya daɗe yana huda ido a jikin saƙi, ya zagaye bakinsa da zaren tsamiya don kada ya zare. Hikimar ke nan da ake bi a kafar maɓalli: a tsaga yadi daidai faɗin maɓallin, a bi bakin tsagar da ɗinki kusa da kusa, kowane suka da ƙullinsa, a maimaita ɗinkin a gicciye a ƙarshen tsagar biyu inda ja ya fi ƙarfi, sa'an nan a ƙulle zaren ta bai.

Yau keke yakan gama wannan cikin ƙiftawar ido, amma telan da bai koyi dalilin ƙullin ba yakan yanke zare bai ƙulle ba, kafar ta warware a wankin farko. Saboda haka ya kamata ɗalibanmu su zauna da tsofaffin maɗinkan da suka rage a waɗannan garuruwa, su rubuta sunayen ɗinkin da yadda ake yinsa tun suna da rai.