Kiwon kifin teku a akwatin gilashi: abin da mai gadi da ɗan aikin gida ya kamata su sani

Ni ɗan Kuta ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja. Mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuma nake bin tirela in kai su Legas. Kifin da na tashi na sani shi ne na tafkin Shiroro, su tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, wanda ake kyafewa a kai kasuwar Zumba. Ban san ana kiwon kifi don kallo kawai ba sai bara, da ƙanen wani abokina mai gadi a Lekki ya kira ni murya na rawa. Maigidansa ya yi tafiya ya bar masa amanar wani akwatin gilashi a falo, kafin sati biyu kifi huɗu sun mutu, ga shi an ce wani cikinsu ya kai albashinsa na wata. Abin da ya yi kuwa, ya ga ruwa ya ragu ne sai ya jiƙa gishirin miya da ruwan famfo ya cika. Tun daga nan na shiga bin diddigin abin, don na san yaranmu da yawa suna aiki a irin waɗannan gidaje.

Akwatin, Turawa suna ce masa akwariyom. Akwai na ruwan daɗi, akwai na ruwan teku, kuma na tekun shi ne mai wahala da tsada. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri, amma ba gishirin miya zalla ba ne, akwai sinadarai irin su kalsiyam da magnesiyam a haɗe. Shi ya sa ake sayen gishiri na musamman a bokiti, a haɗa shi da ruwan da aka tace da inji, a auna da ma'auni har ya nuna wajen 1.025. Ruwan famfo yakan zo da kilorin, wanda ke ƙone gaɓar numfashin kifi.

To ga inda yaron ya faɗi. Duk wanda ya taɓa barin miya a wuta ya san ruwa ne ke tafiya, gishiri yana nan daram. Haka akwatin yake. In ka ga ruwa ya ragu, tataccen ruwa marar gishiri za ka ƙara. Mai gishiri sai ranar canji, wato a kwashe kamar kashi ɗaya cikin goma duk sati ɗaya ko biyu a mayar da sabon haɗi.

Waɗannan abubuwa masu kala da za ka gani kamar fure a kan duwatsu, su ne murjani, dangin wanda ake yin tsakiya da shi, irin jajayen da Oba na Bini ke sawa. Wallahi da farko na ɗauka roba ce. Ashe dabba ce mai rai, kuma a cikin jikinta akwai wani ƙaramin gansakuka da ke haɗa mata abinci da haske. Saboda haka fitilar nan shuɗiya da ke saman akwatin ba ado ba ce, awa takwas zuwa goma take buƙata kullum. Kar ka kashe ta da rana wai kana yi wa oga tattalin wuta. Zafi ma maƙiyinta ne. Ana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. In ya haura ya daɗe, murjani yakan fitar da gansakukan nan ya yi fari fat, daga nan sai mutuwa.

Wuta kam ita ce babbar matsala. Mu da madatsar Shiroro mai megawat 600 take kusa da mu tun 1990, ba mu tsira daga ɗaukewa ba, balle ɗakin haya a Agege. Da zarar famfon da ke juya ruwa ya tsaya, iskar cikin ruwan tana iya ƙarewa cikin 'yan awoyi. In babu janareta ko inbata, akwai ƙaramin famfon iska mai batir. In shi ma babu, ɗebo ruwan da kofi mai tsafta ka riƙa zubo shi daga sama.

Mu 'yan gidan shanu mun saba ganin ƙoshi shi ne kulawa, a nan kuwa yawan abinci kisa ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba mai suna amoniya, wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin ramukan duwatsun ne ke cinye ta. Sabon akwati yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su yawaita a sa kifi. Don haka kar ka fitar da duwatsun ka wanke da sabulu. Kar ka fesa fiya-fiya ko maganin sauro a falon, kar ka tsoma hannu da man shafawa, kuma duk abin da aka yi da tagulla ka nisanta shi, yana kashe murjani.

Dalilin tsadar, ba a gaɓarmu ake kamo su ba. Tekun Legas ba shi da tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya da ke gefen Jidda, laka da ruwan daɗin koguna irin Neja ba sa bari. Yawancin kifayen daga Indunusiya da Filifin ake hawo da su jirgi, wasu ma da gubar sayanaid ake sumar da su a kama, sai su zo da ciwo a ciki su mutu ba laifin kowa a gidan. Mai ɗan jurewa shi ne ɗan kifin nan ruwan lemo mai fararen zane, wanda fim ɗin yara Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna, don shi ana ƙyanƙyashe shi a gidan kiwo.

Yaron dai an zaftare masa albashi, amma ba a kore shi ba. Yanzu in maigidan zai yi tafiya, sai ya sa an auna masa abincin kowace rana a ƙulle daban, an ajiye masa jarkar tataccen ruwa, an kuma ba shi lambar mai zuwa duba akwatin.