Tattalin kuɗin gida: yadda za ka rage kuɗin wuta da na ruwa

Mai karatu, kowane ƙarshen wata takardu biyu suna shigowa gidanka: ta wuta daga NIGELEC, da ta ruwa daga kamfanin ruwa. Idan suka tarar ba ka shirya ba, sai ka ci bashi ko kuma a yanke maka. Maido da abin da aka yanke yana da nasa kuɗin daban. Karatu da lissafin da kake koyo za su iya raba ka da wannan wahala.

Kasafin wata

Ka samu littafi guda, ka raba shafinsa biyu. A dama ka rubuta abin da ya shigo, a hagu abin da ya fita. Kada ka raina dala biyar, domin da yayyafi kogi kan cika. Ku zauna tare da uwargida, ita ce ta san abin da tukunya take ci.

Ga misalin magidanci mai samun jika 75 a wata: cimaka jika 40, hayar gida 12, wuta da ruwa 8, itace ko gas 5, makaranta da magani 5, ajiya 5. Ranar da kuɗi suka shigo hannunka, ka fara ware na wuta da na ruwa a wuri daban. A lokacin bazara, watannin Afirilu da Mayu, ka ƙara wannan kason, saboda zafi yana sa a sha wuta da ruwa da yawa.

Karanta kwantarka

Kwanta ita ce na'urar da take ƙirga abin da gidanka ya sha. Ka rubuta lambarta a farkon kowane wata. Idan watan jiya ta nuna 1190, wannan watan kuma 1250, ka ɗebe ƙarama daga babba: ka sha kilowat 60. Ka gwada da abin da aka rubuta a takarda. In ka ga bambanci mai yawa, ka je ofishin kamfani da littafinka.

Ka sani kuma farashin hawa-hawa ne. Kashin farko yana da rangwame domin masu ƙaramin ƙarfi. Wanda ya zarce shi yana biyan ƙarin da tsada. Saboda haka idan gidaje da yawa suka haɗu a kan kwanta ɗaya, da wuri suke faɗawa farashi mai tsada.

Rage kuɗin wuta

Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, idan yana kunne awa 5 kullum, yana shan kilowat 9 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya, amma bai kai kilowat 1 da rabi ba. Ya fi tsada wajen saye, sai dai yana daɗewa kuma yana maido kuɗinsa.

Ka kashe fanka da talabijin a ɗakin da ba kowa. Kada a saka abinci mai zafi a firji, kada kuma yara su riƙa buɗe shi a kai a kai. Ka matsar da shi daga jikin bango da inda rana take bugawa. A tara tufafi a yi guga sau ɗaya a mako, domin dutsen guga yana cikin masu shan wuta sosai.

Rage kuɗin ruwa

Ana sayar da ruwa da ma'aunin lita 1000, wato bido 40 masu lita 25. Babban ɓarawon ruwa shi ne yoyo. Da dare ka rufe dukan famfunan gida, ka rubuta lambar kwanta. Da asuba, kafin kowa ya taɓa famfo, ka sake dubawa. Idan lambar ta motsa, akwai inda yake yoyo, sai ka kira mai gyara nan take. Sau da yawa ƙaramar roba ce kawai ta cinye.

A yi wanka da bokiti, alwala da buta. Ruwan ɗauraya kuma a zuba wa itatuwa ko a yayyafa a tsakar gida.

Inda rarar za ta je

Abin da ka rage kada ya narke a aljihu. Ka saka shi a adashe ko a asusu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jihar Maradi a shekarar 1991, da zubin mako-mako suka tara jarinsu. Jika 2 a wata, jika 24 ne a shekara. Wannan zai taimaka maka ranar komawa makaranta, ko ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi a tsakiyar damina.

Ka buɗe littafinka yau, ka fara da rubuta lambar kwantarka.