Suna a Bisa Fuska: Tarihin Zanen Moko a Wajen Al'ummar Maori

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wajen al'ummar Maori, mutanen da suka fara zama a tsibiran da ake kira Niyu Zilan, can kudancin tekun Fasifik, fuska kan ba da labarin da ya zarce na zuciya. Takan faɗi gidan da mutum ya fito da matsayin da ya taka a cikin danginsa, har ma takan tsaya a madadin sunansa. Abin da ke ɗauke da wannan bayani shi ne zanen jikin da suke kira moko. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan zane tun daga zuwan Turawan Ingila a 1769 har zuwa zamaninmu, domin a ga yadda abin da mai shi ya ɗauka a matsayin suna ya koma haja a kasuwa, da kuma yadda jikoki suka yi fafitikar mayar masa da darajarsa.

Bahaushe ba zai rasa abin kwatance ba, domin ya san tsagar da wanzami kan yi wa jariri, wadda da ita ake gane Bagobiri ko Bakabe ko Babarbare tun kafin ya buɗe baki. Sai dai akwai bambanci. Tsaga iri ɗaya ce ga duk 'yan zuriya, kuma ana yin ta ne mutum bai san inda kansa yake ba. Moko kuwa sai an balaga ake fara shi, a riƙa ƙara shi sannu a hankali cikin shekaru, kuma da wuya a sami mutum biyu masu zane iri ɗaya sak.

Yadda Ake Yin Moko

Masana sun ƙiyasta cewa kakannin Maori sun iso waɗannan tsibirai cikin kwale-kwale daga gabashin Folinisiya tsakanin 1250 da 1300, ɗauke da al'adar zanen jiki. A sabon mazauninsu sai sana'ar ta ɗauki wani salo na dabam. A sauran tsibiran yankin huda fata ake yi a cusa baƙi, in ta warke ta koma sumul. Shi kuwa gwanin Maori, wanda suke kira tohunga, sassaƙa fuskar yake yi. Yakan ɗora wani ɗan makami mai suna uhi, wanda ake fiƙewa daga ƙashin wani babban tsuntsun teku, ya riƙa buga shi da ɗan sanda har ya tsaga fata, sa'annan ya bi tsagar da baƙin da aka haɗa da kunkunniyar ƙonannen ƙaro. Idan ciwon ya warke sai ya bar gurbi mai zurfi, wanda hannu ke iya ji kamar yadda ido ke gani.

Maza akan yi musu a fuska da cinyoyi da ɗuwawu, mata kuwa galibi a leɓɓa da haɓa. Da yake kai shi ne sashen jiki mafi alfarma a wajensu, wanda ake yi wa zane yakan shiga wani hali na keɓewa. Ba ya taɓa abinci da hannunsa, kuma idan fuskar ta kumbura, ta wani sassaƙaƙƙen mazurari ake ɗura masa abinci mai ruwa-ruwa.

Akwai wata hikaya tasu da ke bayyana asalin wannan al'ada. Wai wani saurayi mai suna Mataora ya doki matarsa Niwareka, sai ta yi yaji zuwa wurin mahaifinta Uetonga a duniyar ƙarƙashin ƙasa. Mataora ya tafi biko da kwalliyar da ya shafa a fuska. Surukinsa ya sa hannu ya goge ta, ya nuna masa cewa adon da ke gogewa ba shi da wata daraja. Daga nan ya sassaƙa masa na dindindin. Mataora ya jure azabar, ya yi alkawarin barin mugun hali, kana aka ba shi matarsa. Ke nan tun daga tushe, moko alama ce ta alkawarin da ba a warwarewa.

Zane a Matsayin Sa Hannu

A 1769 ne jirgin Kyaftin James Cook ya iso gaɓar Niyu Zilan, kuma mai zanen hotunan da ke cikinsa, Sydney Parkinson, ya zana hotunan waɗannan fuskoki. Baƙo, an ce, ko da idanunsa makaho ne. Turawan sun ga ƙawa, sun ga abin mamaki, amma ba su iya karanta abin da aka rubuta ba. Masu zanen ne da kansu suka riƙa nuna musu.

A watan Fabrairu na 1815, ɗan mishan Samuel Marsden ya sayi fili mai faɗin eka 200 a Rangihoua a kan gatari 12. Da aka zo sa hannu, zanen fuskar basaraken da ya sayar da filin aka kwaikwaya a kan takardar. Haka kuma a 1831, sarakuna 13 na arewacin ƙasar suka aika wa Sarkin Ingila William na Huɗu wasiƙar neman kariya, kowannensu ya zana wani yanki na mokonsa a madadin suna. Ko a yarjejeniyar Waitangi, wadda aka fara sa wa hannu ranar 6 ga Fabrairu, 1840, kuma shugabanni fiye da 500 suka amince da ita, wasu daga cikinsu da irin wannan alama suka tabbatar da yardarsu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Te Pehi Kupe, wani basaraken ƙabilar Ngati Toa, wanda ya hau jirgin Turawa a 1824 ya nufi Ingila neman bindigogi. A birnin Liverpool wani mai zane ya zauna yin hotonsa. An lura cewa bai damu da ko hoton ya yi kama da shi ba, abin da ya sa wa ido shi ne kada a kuskure ko layi ɗaya na zanen. Ya ɗauki alƙalami ya zana mokonsa dukkansa da ka, ba tare da madubi ba, ya bayyana musu cewa yadda Bature ke rubuta sunansa da alƙalami, shi nasa sunan a fuskarsa yake. Har ila yau ya zana na ɗan'uwansa da na ɗansa, ya nuna inda kowanne ya bambanta da nasa.

Cinikin Kawuna

Tun kafin zuwan Turawa, Maori suna da al'adar adana kan mamaci. Akan turara shi, a busar da shi da hayaƙi da rana, a shafe shi da mai, har zanen ya tsaya daram. Kan shugaba ko wani abin ƙauna akan ɓoye shi, sai ranar wani babban taro a fito da shi a yi kuka a tuna da shi. Kan abokin gaba da aka kashe a fagen fama kuwa akan ajiye shi, kuma mayar da shi ga danginsa na daga cikin hanyoyin ƙulla sulhu. Kowane kai, ke nan, yana da suna da dangin da suka san shi.

A watan Janairu na 1770, Joseph Banks, masanin tsirrai da ke tare da Cook, ya karɓi kan wani matashi a musayar wani wando na farin yadi. Wannan ne cinikin farko da aka rubuta. Abin ya ta'azzara bayan da Hongi Hika, jagoran ƙabilar Ngapuhi, ya ziyarci Ingila a 1820, ya gana da Sarki George na Huɗu, ya dawo a 1821 da ɗaruruwan bindigogi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun ci dubban rayuka, kuma duk ƙabilar da ba ta da bindiga ta san kwananta ya ƙare. Fataken Turawa na da bindiga, gidajen adana kayan tarihi da attajiran Turai kuma na son kawuna masu zane. Da kawunan abokan gaba suka kasa biyan buƙata, sai aka shiga yi wa bayi da fursunonin yaƙi zane cikin gaggawa, a kashe su, a sayar. Wasu ma bayan mutuwa aka ƙara musu zanen domin su yi tsada. A nan ne moko ya rabu da ma'anarsa: zanen da ba a yi shi don ya faɗi ko wane ne mutum ba, sai don ya burge mai saye.

Duk da haka, zane na gaskiya bai daina magana ba. Wajen 1830 wani kyaftin ɗin jirgi ya baje kawunan da ya sayo a gaban mutanen wata gaɓa ta arewa, nan take suka gane danginsu da aka kashe a yaƙi. Labarin ya kai Sidni, Marsden ya kai kuka, kuma a watan Afrilu na 1831 Gwamna Ralph Darling ya haramta shigo da kawuna. Cinikin ya ragu ƙwarai, amma kafin nan ɗaruruwa sun riga sun watsu a duniya.

Dushewa

Daga tsakiyar ƙarni na 19 moko ya fara ja da baya. 'Yan mishan sun hore shi a matsayin aikin jahiliyya, ƙasa ta suɓuce daga hannun ƙabilu, cututtukan da baƙi suka kawo kuma suka yi ta ɗibar jama'a, har ƙidayar 1896 ta nuna Maori ba su wuce kimanin 42,000 ba. Bayan yaƙe-yaƙen shekarun 1860 an kusa daina yi wa maza zanen fuska kwata-kwata. Sarkin Maori na biyu, Tawhiao, wanda ya je Landan a 1884 don kai ƙarar ƙwace filaye, yana cikin manyan da suka rage da cikakkiyar fuska, ya kuwa rasu a 1894.

A wannan shekara ta 1896 wani tsohon hafsan sojan Ingila, Horatio Robley, ya wallafa littafi a kan moko. Shi kansa ya tara kawuna fiye da 30. Ya yi wa gwamnatin Niyu Zilan tayinsu ta ƙi saye, sai mafi yawansu suka ƙare a wani gidan adana kayan tarihi a birnin Niyu Yok na Amurka.

Mata ne suka riƙe igiyar. Sun ci gaba da karɓar zanen haɓa, da allura a maimakon uhi, har zuwa shekarun 1950. Lokacin da masanin tarihi Michael King ya zaga ƙauyuka yana neman su, tsofaffi kimanin 70 ya samu. Littafinsa, wanda ya fito a 1972 ɗauke da hotunan da Marti Friedlander ta ɗauka, mutane da yawa sun karɓe shi a matsayin bankwana da al'adar.

Farfaɗowa

Ashe ba bankwana ba ne. A 1975 dattijuwa Whina Cooper ta jagoranci tattakin neman haƙƙin ƙasa zuwa birnin Wellington, a shekarar kuma aka kafa kotun sauraren koke-koken yarjejeniyar Waitangi. A 1982 aka buɗe makarantun renon yara da harshen Maori, a 1987 harshen ya zama na hukuma. Da harshe ya dawo baki, sai zane ya fara dawowa fuska.

Tare da haka aka tashi neman kawunan kakanni. A 1988 wani kamfanin gwanjo a Landan ya sa ɗaya a kasuwa. Shugaban Majalisar Maori, Graham Latimer, ya garzaya babbar kotun Niyu Zilan, ta ba shi izinin zama wakilin mamacin domin a yi masa sutura. Wato kotu ta dubi abin da 'yan gwanjo suka kira kaya, ta ga mutum. Aka janye shi daga gwanjo, aka ba mai shi wani makamin gargajiya na koren dutse, aka kawo shi gida aka binne. A 2003 gwamnati ta ɗora wa gidan tarihi na ƙasa, Te Papa, alhakin wannan aiki. Faransa sai da majalisarta ta yi doka ta musamman a 2010, kana birnin Rouen ya mayar da kai ɗaya a 2011, wasu 20 suka biyo baya a 2012. A 2014 gidan tarihin nan na Niyu Yok ya mayar da kawuna 35.

A ɓangaren rayayyu kuwa, a 2016 Nanaia Mahuta ta zama mace ta farko da ta zauna a majalisar dokoki da zanen haɓa. Ta alaƙanta shi da tunawa da mahaifinta da kuma salon sassaƙar ƙabilarta, kuma da shi ta riƙe muƙamin ministar harkokin waje daga 2020 zuwa 2023. A zama ɗaya da ita aka yi wa Nga wai hono i te po, 'yar Sarki Tuheitia, nata zanen, don girmama cikar mahaifinta shekara 10 a kan gado. Ita ce aka naɗa Sarauniyar Maori a 2024.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa darajar moko ba ta taɓa zama a cikin kyan layukansa kaɗai ba. Tana tattare ne da mutumin da ke ɗauke da shi da kuma dangin da suka iya karanta shi. Wannan ne ya sa Maori na yau suka ware wata kalma, kirituhi, ga zanen da ake yi wa baƙo don sha'awa, suka bar sunan moko ga wanda ke da asalin da zanen zai faɗa.

Aikin bai ƙare ba. Kawunan da aka dawo da su akan ajiye su a wani keɓaɓɓen ɗaki a Te Papa, ba a nuna su ga 'yan kallo, har sai bincike ya gano ƙabilar da za a miƙa wa kowanne. Mafi wuyar ganowa su ne na bayin nan da aka yi wa zane don kasuwa, domin zanen nasu bai nuna gidan kowa ba. Su ma kakanni ake kiran su, kuma da kuka da waƙoƙin makoki iri ɗaya ake tarbar su ranar da suka sauka gida.