Tarihin takunkumin aiki: me ya sa kowace guba take da nata?

Tun lokacin korona kowa ya san takunkumi, har wasu suka ɗauka duk abin da ya rufe hanci ya gama aiki. Sai ka ga mai feshin maganin ciyawa, da mai fentin mota, da mai yasar rijiya, duk sanye da shuɗin takunkumin asibiti iri ɗaya. To yau bari mu bi tarihin kayan nan, domin kusan kowane nau'i an ƙirƙiro shi ne bayan wata guba ta riga ta ci rayuka.

Mu fara da ƙwayar cuta. A ƙarshen 1910 wata annoba mai kama huhu ta ɓarke a Manchuriya, arewa maso gabashin ƙasar Sin, ta kashe mutum kusan 60,000. Likitan da aka tura birnin Harbin, Wu Lien-teh, ya gano cewa ta numfashi ake ɗaukarta. Sai ya haɗa takunkumi na auduga da bandeji mai ninki-ninki, ya sa ma'aikata su riƙa ɗaurawa. Wani likita Bafaranshe, Gérald Mesny, bai yarda da maganarsa ba, ya shiga wurin marasa lafiya fuska a buɗe. Cikin 'yan kwanaki ya rasu, a Janairun 1911.

Shekara huɗu bayan haka aka ga iyakar auduga. Ranar 22 ga Afrilu 1915, a yaƙin duniya na ɗaya, sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a Ypres ta ƙasar Beljiyam. Sojoji suka koma rufe hanci da jiƙaƙƙen tsumma, amma kariyarsa kaɗan ce, saboda iskar guba tana ratsa yadi yadda iskar numfashi ke ratsawa. A shekarar ne masanin sinadarai na Rasha, Nikolai Zelinsky, ya fito da takunkumi mai gawayin da aka sarrafa. Gawayin cike yake da ƙananan ramuka da ke riƙe gubar. Gwangwanin da kake gani a gefen takunkumin masu fenti yau, jikan wannan ne.

Sai ƙura. A 1930 aka fara haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, cikin dutse mai yawan silika. An yi ta huda dutsen a bushe, leburori kuma, yawancinsu baƙaƙen fata, ba a ba su takunkumi ba. Binciken majalisar dokokin ƙasar a 1936 ya ƙirga mutum 476 da suka mutu, bincike na baya kuma ya kai adadin 764. Ita ƙurar da ke kisa ba ta cika ganuwa da ido ba. A 1972 aka amince da takunkumin ƙura na sawa a yar da kamfanin 3M ya yi, a 1995 kuma aka fito da ma'aunin N95. Lambar 95 na nufin yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushi, harafin N kuma na nufin ba a yi shi don wurin da ke da feshin mai ba. Na Turai mai kama da shi shi ne FFP2. Amma fa ka riƙe wannan: N95 ba ya tare tururin fetur, tina ko iskar gas.

Daga nan matsalar ta koma wuraren da aka jibge sharar masana'antu, inda ba ka ma san me ke cikin duro ba. A 1978 aka kwashe iyalai daga unguwar Love Canal a jihar New York, wadda aka gina a kusa da tan kusan 21,000 na sinadaran da aka binne. Amurka ta yi dokar share irin waɗannan wurare a 1980, sannan a 1990 ƙa'idar kare masu aikin sharewar ta fara aiki. A nan ake amfani da matakai huɗu:

Mataki A: riga mai rufe jiki ruf wadda iska ba ta shiga, da tukunyar iska a baya.
Mataki B: tukunyar iska, da rigar da ke tare fantsamar sinadari.
Mataki C: takunkumi mai gwangwanin tacewa, idan an san gubar an kuma auna yawanta.
Mataki D: kayan aiki na kullum, takalmi mai ƙarfi, tabarau da hular kwano.

Ƙa'idar ita ce, wurin da ba a san abin da ke ciki ba, ba a fara shigarsa da ƙasa da mataki B. Haka nan idan oksijin ya yi ƙasa da kashi 19.5 cikin 100, babu takunkumin tacewa da zai yi amfani, don shi tacewa yake yi, ba ya samar da iska. Shi ya sa rijiya, sokawe da tankin mai suke kayar da mutum ko da takunkumi a fuskarsa, su kuma kayar da wanda ya bi shi don ceto.

Mu ma a Najeriya abin ya taɓa mu. A 1988 aka gano sharar guba fiye da tan 3,000 da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. Wasu daga cikin ma'aikatan da suka kwashe durorin ba tare da isassun kaya ba sun ƙone, wasu sai da aka kwantar a asibiti. A ƙarshen shekarar gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2010 kuma gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Yaran ba a rami suka sha gubar ba, a tsakar gida ne, inda ake niƙa dutsen, ƙurar kuma tana bin tufafi da ƙasa. Ka ga ke nan cire kayan aiki da wanka kafin a shiga gida suna cikin kariyar.

To ta yaya za ka zaɓa? Fara da tambaya: ƙura ce, tururi ne, ruwan sinadari ne, ko rashin iska? Wayarka za ta taimaka. Ɗauki hoton takardar jikin galan, ka rubuta sunan sinadarin a Google ka ƙara SDS. Takardar da za ta fito, sashe na 8 ne ke faɗin irin takunkumi, safar hannu da tabarau da ake buƙata. Kar ka dogara da kalar gwangwani kawai, don kalolin Amurka da na Turai sun bambanta, karanta rubutun jikinsa. Shi ma gawayin yana cika, idan ka fara jin wari ka fita ka canza. Takunkumin da bai kama fuska ba kuwa, iska ta gefe take shiga. Gemu mai kauri yana hana shi kamawa, shi ya sa aka yi wani nau'i mai rufe kai gaba ɗaya, batir yana hura masa tacacciyar iska.

Idan kana da ɗan'uwa mai feshi, fenti, fasa dutse ko yasar rijiya, tura masa wannan, ka tambaye shi wane iri yake sawa.