Daga Ƙofar Gida Zuwa Zauren Haya: Tarihin Filin Biki A Ƙasar Hausa

Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da ta tashi a gidanmu lokacin da aka sa ranar auren ƙanwata, aka kuma ɗora mini nauyin shirya wurin taro. Ango da abokansa sun nace sai an kama zauren haya mai sanyi, inda ba mai shiga sai da kati. Baffana kuwa, wanda shi ne waliyyi, da na kai masa maganar sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, a ƙofar gidan nan aka ɗaura auren ubanku, a nan aka ɗaura nawa. Ƙofar ce ta tsufa ko ku ne kuka fi ƙarfinta?" Na ce, "Allah ya huci zuciyar Baffa, ni ɗan aike ne." Amma tambayar ta zauna mini a rai, har ta kai ni ga bin diddigin yadda Bahaushe yake shirya bikinsa a sarari, da kuma dalilin da ya sa sararin yake neman kuɓuce masa.

Da fari dai, Bahaushe bai taɓa zaɓen yin biki a fili don sha'awar iska ko kallon itatuwa ba, kamar yadda ake yi a Turai. Shari'a da tsarin gini ne suka fito da shi waje. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar nan tun ƙarnuka da yawa, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da siga da shaidu, kuma auren da aka yi yarjejeniyar ɓoye shi ɓatacce ne. To, ina ne ya fi bayyana fiye da ƙofar gida, inda mai wucewa da jaki ma zai tsaya ya shafa Fatiha? Ga shi kuma gidan Bahaushe ba a gina shi don baƙi maza su shiga ba. Iyakar baƙo zaure, zaure kuwa kome girmansa da ƙyar ya ɗauki mutum ashirin. Sai liman da waliyyi da wakilin ango da dattawa su zauna a ciki, sauran jama'a a shimfiɗa musu tabarmi a waje, maroƙi ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga abin da aka faɗa a ciki zuwa kunnen na waje. Wato aikin da lasifika take yi yanzu, maƙogwaron maroƙi ne ya yi shi shekaru aru-aru.

Saboda haka filin biki ba ɗaya ba ne, uku ne. Ƙofar gida ta maza ce, aikinta gajere, da hantsi an watse. Tsakar gida ta mata ce, kuma a nan ne ainihin biki yake, daga kamu da sa lalle har wuni da ɗaukar amarya. Dandali kuwa na samari da 'yammata ne, da dare. Wanda yake son ganin yadda waɗannan filaye suke aiki kafin zuwan Turawa, ya nemi labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ta kuma aurar da 'ya'yan dangi, don haka ba labarin ƙanzon kurege take bayarwa ba. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninta shi ne, kusan duk shirin biki a hannun mata yake: ƙawaye, gwaggonni, kakanni. Maza Fatiha kawai suke shafawa su ba da kuɗi.

Dandalin nan ne ya daɗe yana shan suka. Tun kafin jihadin 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta faɗa a kan cakuɗuwar maza da mata wajen bukukuwa, ya kuma lissafa ta cikin bidi'o'in da yake son a kashe. Duk da haka dandali bai mutu ba. Kalangu ya ci gaba da tashi a ƙauyuka, kuma ni a ganina wannan jayayya tsakanin malami da makaɗi ita ce dai muke ji yau idan aka yi ƙorafi a kan masu kiɗan na'ura. Kayan kiɗan ne suka sauya.

Inda hikimar magabata ta fi fitowa shi ne wajen sa rana. Mutumin da rufinsa sararin samaniya ne dole ya san halin sama. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce: hannu yana gona, rumbu ya yi ƙasa, hanya ta yanke, hadari kuma ba ya sallama. Bazara akwai zafin da tabarma ma ba ta zaunuwa bayan hantsi. Sai aka bar wa biki kaka da farkon rani, lokacin da gero da dawa suka shigo gida, ga sabon kara da zana na kafa rumfa, ga ƙasa a bushe. Akan kuma duba farin wata, domin wanda ba shi da fitila sai aci-bal-bal, wata ne babbar fitilarsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, sai wannan al'ada ta ƙara ƙarfi, domin manomi ba ya ganin tsabar kuɗi sai ya kai gyaɗarsa kan sikeli, ko audugarsa idan a wajen Funtuwa da Zariya yake. Jirgin nan ne kuma ya sauƙaƙa goro, wanda a da fatake ke ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna, tafiyar watanni. Goron ɗaurin aure da muke rabawa kamar ba kome ba, a wancan zamani shi ne babban abin da ake auna ƙarfin dangin ango da shi.

Amma fa akwai wani lissafin da ke karo da na manomi, wato na watan Musulunci. Mutane suna son amarya ta tare kafin azumi, shi ya sa Sha'aban ya zama watan bukukuwa. Shekarar wata kuwa ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Sha'aban yana zagaya damina da rani cikin shekara 33 ko kusa da haka. Gwaggona ta faɗa cikin wannan tarko. An yi bikinta a Sha'aban na 1979, wanda ya kama daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Ta ce ranar wuni, an sauke tukwanen tuwo ke nan, mata sun cika tsakar gida da sababbin atamfofi, masu kiɗan ƙwarya sun zauna, sai gabas ta haɗe. Kafin a kwashe tabarmi ruwa ya sauko, miya ta zama ruwan kwata, lallen ƙafa ya bi rariya, aka cusa mata fiye da hamsin cikin ɗakuna uku. Da na tambaye ta ko ta yi kuka, sai ta ce, "Ɗan nan, amarya ai dama kuka take yi, wa zai bambance?" Har yau tsofaffin unguwarmu da wannan ruwa suke ƙirga shekaru. Haka Sha'aban ya sake komawa cikin Yuli a 2011.

Shekarun bikin Gwaggo su ne kuma shekarun da filin ya fara sauya kama. Naira ta shigo a 1973, kuɗin man fetur suka biyo baya, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a farkon 1975. A daidai lokacin fari da cutar gyaɗa suka karya manomi. Sai ya zama mai albashi ne yake sa wa biki doka, shi kuwa ba ruwansa da kaka, Asabar da Lahadi kawai ya sani. Kujerar haya ta kori tabarma, tamfol ya kori zana, janareta ya kori farin wata, katin gayyata ya kori tsohuwar da ke bi gida gida da goro. Attajiri ya kira Mamman Shata, matan gida su kira Barmani Choge, a toshe titi tun daga la'asar. Ga gidajen ma'aikata da aka gina ba zaure, ba tsakar gida ta kirki. Ga kuma yawan jama'a: Kano da a ƙidayar 1952 ba ta kai mutum dubu 150 ba, yau ana maganar miliyoyi. Ƙofar gidan da ta ishi kakanninmu ta zama lungun da mota ɗaya ke cikawa. Daga titi aka koma filin makarantar firamare, daga nan otal, daga nan zauren da aka gina musamman don haya.

Ba zan yi wa zauren haya ƙarya ba. Ba ya jin tsoron hadari, ba ya tare wa marar lafiya hanyar asibiti, ba ya hana maƙwabci barci. Abin da nake ƙi a gare shi ɗaya ne: yana da mai gadi. Da can akan ce biki na farar kaza, balbela ba gayya. Almajiri da makaho da tsohuwar da ta yi wa amarya wankan jariri duk suna da rabo a tukunyar biki, ba don an tausaya musu ba, sai don ba ƙofar da za a rufe. Yanzu balbela sai ta nuna kati. Abin lura kuma, ɗaurin auren kansa bai yarda ya shiga zauren ba. Ya dai tashi daga ƙofar gida ya koma harabar masallacin Juma'a. Ko auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara a 2012 da mutum 100 da matansu, har ya kai aure 1,800 a 2023, a masallatai aka ɗaura shi, a gaban duk wanda ya zo.

Namu bikin ya faɗo a Sha'aban na 2025, cikin Fabrairu, ba fargabar ruwa sai ta iska. Aka yi sulhu: ɗaurin aure a ƙofar gida, wuni a tsakar gida, ango ya kama zaurensa da kuɗinsa. Na nemi izinin mai unguwa, na bi maƙwabta ɗaya ɗaya, na sa yara suka yayyafa ruwa tun asuba saboda ƙura. Abin da na manta shi ne turke. Masu hayar rumfa suka kafa ta a kan ƙasa ba su ɗaure ƙafafunta ba, liman yana tsakiyar addu'a iskar hunturu ta ɗaga gefe guda, sai da samari huɗu suka rungume ƙarafan har aka shafa. Da aka watse Baffa ya kira ni zaure, ya miƙo mini goro biyu, ya ce a zamaninsu rami ake haƙa wa kowace ƙafar rumfa, kamu ɗaya da rabi, tun ana jibi biki.