Sunayen Salo na Asali da na Ƙirƙira a Samfuran Takardun Kwamfuta: Nazarin Ma'aunin Zaɓi

Tsakure

Duk mai tsara samfurin takarda a manhajar sarrafa rubutu yana fuskantar zaɓi tsakanin sunayen salo da manhajar ta zo da su da waɗanda zai laƙaba da kansa. Wannan maƙala ta bi yadda ake adana sunayen a cikin fayil, da ayyukan da suka rataya a kansu, da abin da ke faruwa idan takarda ta sauya kwamfuta ko harshe. Matsayarta ita ce, ƙashin bayan takarda na sunayen asali ne, na ƙirƙira kuwa aikinsu cike giɓi.

1.0 Salo da yadda ake adana sunansa

Salo, a manhajoji irin su Microsoft Word da LibreOffice Writer, tarin siffofi ne da aka ɗaure wuri ɗaya aka ba su suna: nau'in harafi da girmansa, tazarar layuka, shigar sakin layi daga gefe, har da harshen da za a duba kurakuran rubutu da shi. Samfuri kuwa fayil ne mai ɗauke da waɗannan salailai, wanda ake gina sababbin takardu a kansa. Tun daga Word 2007 sunansa kan ƙare da .dotx, ko .dotm idan yana ɗauke da ƙananan shirye-shiryen da ke gudanar da aiki da kansu.

Word tana zuwa da nata salailan: Normal, Heading 1 zuwa Heading 9, Title, Body Text, Caption, Footnote Text, List Bullet, TOC 1 zuwa TOC 9, da wasu masu yawa. Ana iya sauya kamanninsu yadda aka ga dama, amma ba a goge su, ba a kuma raba su da sunansu. Wanda ya yi ƙoƙarin mayar da Heading 1 “Kan Babi” zai tarar manhajar ta ajiye sunan asali ta liƙa masa sabon a matsayin laƙabi, da waƙafi a tsakaninsu.

Bambancin ya fi fitowa idan aka leƙa cikin fayil. Takardar .docx ƙunshi ne na ƙananan fayiloli bisa ƙa'idar Office Open XML, wadda Ecma ta amince da ita a 2006 da lamba ECMA-376, ta kuma zama ISO/IEC 29500 a 2008. A cikin ƙunshin akwai styles.xml, inda kowane salo ke da lambar shaida da kuma suna. Salon da mutum ya ƙirƙira yana ɗauke da alamar customStyle, na asali ba ya da ita. Sunan asali kuma da Ingilishi ake adana shi ko da a wane harshe manhajar take. A Word ta Jamusanci, mai rubutu yana ganin Überschrift 1 a allo, fayil yana riƙe da “heading 1”, lambar shaidar kuwa ta koma “berschrift1”, domin harafin farko mai ɗigo biyu ya zube.

2.0 Ayyukan da suka rataya a kan sunayen asali

Da kamanni kaɗai ake nema, da zaɓin bai da wani nauyi, tunda salon ƙirƙira na iya yin kama da na asali har ido ya kasa bambancewa. Matsalar tana ga ayyukan da manhajar ta ɗaure da sunayenta. Ƙumshiyar da Word ke haɗawa da kanta umarni ne ɓoyayye, kuma alamar \o da ke cikinsa kanun asali take tattarowa. Kanun ƙirƙira sai an ambace su ɗaya bayan ɗaya da alamar \t, ko a ba su matakin tsari a jawo su da \u. Wannan yana da magani, sai dai ƙarin aiki ne, kuma kowane ƙarin aiki ƙofa ce ta kuskure.

Akwai inda maganin ba ya nan kusa. Idan ana son lambar jadawali ko hoto ta ɗauki lambar babi, kamar Jadawali 3.2, akwatin zaɓin ba ya karɓar komai sai Heading 1 zuwa Heading 9. Haka lamarin yake ga lambar shafi mai haɗe da lambar babi. Akwatin da ke saka manuniya daga wani sashe zuwa wani, idan aka zaɓi nau'in kanu, na asali kawai yake jerowa. Ɗalibin da aka ba samfurin kundi mai salo “Babi” da “Sashe” zai kai babi na uku kafin ya gano haka, daga nan sai ya koma buga lambobi da hannu, ranar da mai duba aiki ya ce a cire jadawali ɗaya kuwa sai lissafin duka ya wargaje. Ga kuma gajerun hanyoyin madannai: Ctrl da Alt da 1 na ɗora Heading 1, Ctrl da Shift da N na mayar da sakin layi Normal, ba tare da an saita komai ba.

Wasu manhajojin ma da sunayen asali suke gane tsarin takarda. Google Docs tana da rubutu na yau da kullum, da take, da ƙaramin take, da matakan kanu shida; salon ƙirƙira da ya shiga cikinta yakan bar kamanninsa ya rasa sunansa. Pandoc, wadda John MacFarlane ya fara fitarwa a 2006, tana karanta Heading 1 a matsayin babban kai idan za ta juya takarda zuwa shafin intanet. Makafi masu amfani da manhajojin karanta allo irin su JAWS da NVDA da kanu suke tsallakawa daga sashe zuwa sashe, don haka takardar da kanunta ba su da matakin tsari doguwar hanya ce gare su marar alama.

3.0 Idan takarda ta ƙetare harshe

Wannan ɓangare ya shafi masu aiki tsakanin Nijeriya da Nijar kai tsaye, domin a Kano da Sakkwato Word ta Ingilishi aka fi samu, a Yamai da Damagaram kuwa ta Faransanci. Maƙalar da aka tsara da Heading 1 za ta buɗe a can da Titre 1, kamanninta da aikinta ba su taɓu ba. Sunan ƙirƙira ba ya sauyawa: abin da aka rubuta shi za a gani. Ga marubutan Hausa na ɓangarorin biyu wannan ba illa ba ce, suna kamar “Baiti” kowa ya san shi.

Tarkon yana cikin umarnin ɓoye da ke kiran salo da sunansa. Umarnin STYLEREF, wanda ke ɗora sunan babi a saman kowane shafi, idan aka rubuta masa “Heading 1” yakan kawo saƙon kuskure a manhajar da ke kiran salon da wani suna; rubuta masa lamba 1 kawai na kawar da matsalar. Masu rubuta shirye-shirye da VBA kan kauce wa irin wannan da wdStyleHeading1, wanda ke aiki a kowane harshe. Sunayen ƙirƙira su ma suna da nasu tarkon, wanda ya fi wuyar ganewa. Alamar \t tana raba sunan salo da matakinsa da alamar jeri ta saitin kwamfutar, waƙafi a saitin Ingilishi, waƙafi mai ɗigo a na Faransanci. Ƙumshiyar da ta yi daidai a Zariya na iya rasa kanunta da zarar an sabunta ta a Maraɗi, alhali babu wanda ya taɓa rubutun.

4.0 Gurbin sunayen ƙirƙira

Hujjar masu ƙirƙira ba banza ba ce. Jerin asali bai san ɗangon waƙa ba, bai san karin magana da fassararta ba, balle misalin nahawu mai layi uku ko nassin ajami da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Tura duk waɗannan cikin Quote yana ɓatar da bambancin da edita ke buƙata. Salo mai suna na kansa zai ɗauki nau'in harafin da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ, ya kuma ɗauki alamar harshen Hausa, don manhajar ta daina auna kalmomin da ƙamusun Ingilishi.

Kamfanonin ɗab'i sun bi hanyoyi daban-daban. Samfurin Springer na jerin Lecture Notes in Computer Science yana da sunayensa, irin su heading1 da p1a, domin nasu kayan aikin ne ke karɓar fayil daga baya. Samfurin tarukan IEEE ya haɗa biyun: kanun asali, da sunayen ƙirƙira ga take da marubuci da manazarta. Hanyar farko ta dace da mai iko da aikin tun daga marubuci har zuwa injin bugawa. Sashen jami'a ko ƙaramar mujalla ba su da wannan iko.

Masu ƙirƙira kuma kan kafa hujja da karon suna: idan aka liƙa rubutu daga wata takarda, salon da sunansa ya zo ɗaya yakan ɗauki kamannin takardar da aka shiga. Ga mai haɗa maƙalu goma a fitowa ɗaya wannan alheri ne, tunda duk za su daidaita da kansu. Sunayen ƙirƙira ne ke biyo rubutun su taru a jeri, kowane marubuci da nasa.

5.0 Ginin ƙirƙira a kan asali

Salon ƙirƙira na iya gadon na asali. Kanun farkon kundi, wato Sadaukarwa da Godiya da Tsakure, suna buƙatar kamannin babi amma ba lamba. Sai a gina musu salo a kan Heading 1 a cire lambar, ya gaji harafi da matakin tsari, duk gyaran da aka yi wa uban ya sauko masa. Kan shafin ƙumshiya kansa bai kamata ya bayyana a cikin ƙumshiya ba, kuma akwai TOC Heading da aka tanada don haka. Gundarin rubutu ya fi aminci a Body Text, domin salailai da yawa a kan Normal aka gina su, taɓa shi kan girgiza har rubutun cikin jadawali. Sunayen ƙirƙira kuwa gara su fara da harufa iri ɗaya, kamar MJ Baiti da MJ Misali, don su jeru wuri ɗaya, kuma a guji waƙafi a cikinsu, tunda Word na ɗaukar abin da ya biyo bayansa a matsayin laƙabi.